Waɗanda Suka Kwana a Bayan Ganuwar Jidda

Idan ka ce wa Hajiyar da ta daɗe tana safarar Kano-Jidda ta kwatanta maka Balad, wato tsohuwar Jidda, shaguna za ta lissafa maka. Ga layin masu gwal, ga inda ake samun abaya da rangwame in dozin za ka ɗauka, ga lungun masu turaren wuta, ga Bab Sharif inda ake cinikin darduma da barguna har murya ta dushe. Ta san mai canjin da ba ya ƙwara, ta san Bayamanen da ya iya Hausar ciniki. Abin da ba za ta ambata ba shi ne gidajen da ke saman shagunan, masu hawa huɗu da biyar, da manyan tagogin katakon da suka leƙo kan hanya. Mai lissafin riyal da nauyin kaya a jirgi ba shi da lokacin ɗaga kai. Kuma a shekarun da ta fi zirga-zirga, daga 1980 zuwa farkon ƙarnin nan, ko ta ɗaga ba abin sha'awa za ta gani ba: katako ya ruɓe, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a jikin bango, wayoyin lantarki sun sarƙe, ga shanyar 'yan haya.

Waɗannan gidajen ne yau ake niƙo gari daga Turai da Asiya a zo kallo. A 2014 hukumar UNESCO ta saka tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, da laƙabin Ƙofar Makka. A watan Satumba na 2019 Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, abin da a da ko a mafarki ba a zata ba. An hana motoci shiga tsakiyar unguwar, an sa ƙananan motocin lantarki masu ɗaukar baƙi, an buɗe wuraren shan gahawa a ƙasan gidajen da jiya suke rumbun ajiyar katan-katan. Wanda ya shekara goma bai je ba zai iya ɓata a lungun da yake taƙama ya sani. Ni kam abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda baƙon garin ya canja. Jidda ba ta taɓa rabuwa da baƙi ba, amma na da da na yanzu ba abu ɗaya ya kawo su ba, kuma ba wuri ɗaya aka sauke su ba.

Tun asali babu wani dalili na kafa gari a wurin in ba Makka ba. Ba kogi, ba ƙasar noma, ruwan rijiya zartsi ne, tekun kuma cike yake da duwatsun murjani da ke fasa cikin jirgi. A shekara ta 26 bayan Hijira, Halifa Usman bin Affan ya mayar da tashar jiragen Makka daga Shu'aiba zuwa Jidda, daga nan arzikin wurin ya tashi. Hatsin Masar, kayan yajin Indiya, daga baya gahawar Yaman, duk ta nan suke sauka, haka ma mahajjacin da ya biyo ruwa. Zango ne. Ka sauka, ka huta, wakilin muɗawwifinka ya karɓe ka ya nema maka raƙumi, ka fita ta ƙofar gabas, ka yada zango a Bahra, kashegari ko jibi ka ga Makka. Tafiyar da jirgin ƙasa na Haramain ke yi yanzu cikin kimanin rabin sa'a ke nan.

Ganuwar da aka fi sani tsoro ne ya gina ta. Bayan da Turawan Fotugal suka zagayo ƙasan Afirka suka shiga tekun Indiya, sai suka fara tare jiragen Musulmi. A 1502 Vasco da Gama ya ƙona wani jirgi maƙare da mutanen da ke dawowa daga Makka, a kusa da gaɓar Indiya, har da mata da yara. Labari ya bazu cewa Makka da Madina suke hari. Sarkin Masar na lokacin, Ƙansuh al-Gauri, ya turo wani kwamanda mai suna Husaini al-Kurdi, wanda ya kewaye Jidda da ganuwa da hasumiyoyi wajen 1509, ya tilasta wa mutanen gari aikin, attajiri da talaka. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. A 1517 rundunar jiragen Fotugal ta iso bakin Jidda a ƙarƙashin Lopo Soares, amma mashigar tashar ƙunci gare ta, tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, ga igwa a girke a hannun Salman Ra'is. Suka yi ta shawagi, suka juya. A wannan shekarar ce Daular Usmaniyya ta ci Masar, Hijaz ma ta koma hannunta. An yi ta yi wa ganuwar gyara da ƙari, ta zauna fiye da shekara 400.

Cikinta ba wani faɗi ne da shi ba, mai sauri zai ratsa daga wannan ƙofa zuwa waccan kafin shayinsa ya huce. Unguwanni huɗu ne: Haratus Sham a arewa, Haratul Yaman a kudu, Haratul Bahar ta bakin ruwa, sai Haratul Mazlum a tsakiya zuwa gabas. Ƙofofin da aka fi ambata su ne Bab Makka, Bab Madina, Bab Sharif, da Bab al-Bunɗ inda fasinjan jirgi ke shigowa. Tun da fili ya yi ƙaranci, sai gini ya yi sama. Da dutsen murjani suke yi, wanda ake sarowa daga gaɓar teku da bakin tafkin Arba'in, a haɗa da laka. Dutse ne mara nauyi, mai ramuka, yana shan ruwa yana shan gishiri, ba ya son a ɗora masa kaya. Saboda haka bayan 'yan layuka magini zai shimfiɗa gungumen katako a cikin bangon, ya sake ɗora dutse, ya sake shimfiɗawa. Katakon yana raba nauyi, kuma in dutsen ƙasa ya ci, ana iya tokare bangon a kansa a cire ruɓaɓɓen a sa sabo ba tare da an taɓa na sama ba. Daga waje a yaɓe da farar ƙasa. Gini ne da aka yi shi da sanin cewa kullum za a riƙa dubansa. Ranar da aka daina yaɓe, ranar ya fara mutuwa.

Tagogin su ake kira roshan, jam'insu rawashin. Akwatin katako ne da ke fitowa daga jikin bango, wani daga hawa na ɗaya har ƙarshen gini, an sassaƙe shi raga-raga. Iska ta shiga, rana ta tsaya a waje, matar gida ta ga mai wucewa shi bai gan ta ba. Faɗinsa ya isa a shimfiɗa katifa a ciki, a kuma ajiye randa a gefe iska ta sanyaya ruwa. Babu dajin da zai ba da irin wannan katako a Hijaz, a jirgi yake zuwa daga Indiya da tsibiran Jawa. Don haka yawan roshan a fuskar gida shi ne takardar shaidar arzikin mai shi. Mafi yawan manyan gidajen da ake nunawa yau an gina su ne bayan 1869, lokacin da aka buɗe mashigin Suwes, jiragen tururi suka riƙa zuwa, mahajjata suka ninka, kuɗi ya shigo hannun 'yan kasuwa waɗanda da yawansu asalinsu Hadramaut ne, ko Masar, ko Indiya, ko Farisa.

Gidan Nasif shi ne uban tafiya. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 don Umar Nasif, wakilin Sharifin Makka a Jidda. Matakalarsa kwance take, mai faɗi, yadda dabba za ta iya hawa da kaya har sama inda madafa take. Da Sarki Abdul'aziz ya karɓi garin a watan Disamba na 1925, bayan ya tsare shi kusan shekara guda, a nan ya sauka. A ƙofar gidan akwai bishiyar darbejiya, wadda ake cewa an yi zamanin da ita kaɗai ce bishiya a Jidda, har masu aiko wasiƙa su rubuta "gida mai bishiya" a matsayin adireshi. Bakano ko Bazindire zai yi dariya ya ga ana ɗaukar hoton darbejiya, amma ita ce ta fi kowane allo bayyana halin da garin yake ciki game da ruwa.

Ruwa shi ne ciwon Jidda. Masu hali suna da manyan ramukan tara ruwan sama a bayan gari da ƙarƙashin gidajensu, suna sayarwa, in fari ya yi tsawo farashi ya hau. A 1907 Turkawa suka kafa injin tace ruwan teku mai aiki da gawayin kwal, wanda mutanen gari suka sa wa suna Kindasa. Ruwansa tsada gare shi, injin kuma yawan lalacewa. Ko daga ina ruwan ya fito, sai an sami wanda zai ɗauke shi a salka ko a garwa ya hau da shi bene huɗu. A nan ne mutanenmu suka shigo labarin.

Ba a jirgin tururi suka zo ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya yi hajjinsa na 1921, ta ruwa ya bi, ta Ingila, ya sauka a tashar Jidda a matsayin babban baƙo. Irinsa 'yan ƙalilan ne. Talaka da ƙafa yake tasowa daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ya bi Barno, ya haye zuwa Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, ya wuce Abeshe, Jinaina, Fashir, har Lubayya inda layin dogo ya iso wajen 1912. Guzuri ba ya kai mutum, sai ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, musamman a gonakin audugar Jazira bayan 1925. Wasu su shekara biyar a hanya, wasu goma, a haifi yara a yaye su. Wasu ba su ƙarasa ba, suka zauna a garuruwa irin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Waɗanda suka kai bakin Bahar Maliya sai su tarar da dokar Ingilishi a Sawakin: fasfo, allurar rigakafi, zaman killacewa, da kuɗin komawa a hannu. Mara hali ya zame ya gangara wajen Musawwa, ya shiga kwalekwalen masu fasa-ƙwauri da dare, a zubar da shi a wata gaɓar da ba kowa a kudancin Jidda, ya ƙarasa da ƙafa cikin ƙishirwa.

Da ya iso, ba a cikin ganuwa yake kwana ba. A kudu da gari akwai wata unguwar bukkoki da ake kira Nakatu, ta Takari, wato mutanen Afirka ta Yamma, Hausawa da Fulani da Barebari da Zabarmawa. Da safe in an buɗe ƙofa su shiga, su yi dako a tashar jirgi, su yi ga-ruwa, su fasa dutse, su kwashe shara, mata su yi talla da wankau. Da dare a rufe ƙofa suna waje. Suna tara abin da zai kai su Makka da Madina, sannan su sake tara na komawa gida, abin da kan ci wasu shekarun. Akwai kuma abin da ba a son tunawa. An sayar da mutane a wannan hanya, har da yaran da aka taho da su da sunan hajji. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta bar wa ofishin jakadancin Ingila ikon 'yanta bawan da ya gudo wurinsa, aka ci gaba da haka har 1936, kuma cikin waɗanda suka riƙa ƙwanƙwasa wannan ƙofa akwai masu jin Hausa. Sai a 1962 aka soke bauta a Saudiyya.

Shekarar 1947 ita ce mararraba. A cikinta ruwan famfo ya iso daga Wadi Fatima, aikin da aka sa wa suna Ainul Aziziyya, a cikinta kuma aka rushe ganuwa. Kuɗin man fetur ya fara shigowa, mota ta yi yawa, garin yana neman inda zai miƙe ƙafa. Ba wanda ya ga ganuwar a matsayin gado a lokacin, abin da ya tare hanya ne kawai. Mu da muka zuba ido aka mayar da badalar Kano wurin ɗiban ƙasa da kafa shaguna ba mu da bakin yi wa kowa gori. Ƙofofin da baƙo ke tsayawa a gabansu yana ɗaukar hoto yau, irin su Bab Makka, sake gina su aka yi daga baya, kuma ya kamata ɗan jagora ya faɗi haka ba sai an tambaye shi ba.

Da ganuwa ta faɗi, masu gidajen suka fara ficewa. Wa zai zauna hawa bene biyar da ƙafa alhali ga fili a arewa, ga siminti, ga gareji, ga na'urar sanyi? Cikin shekara talatin manyan iyalai sun koma sababbin unguwanni, garin da bai wuce mutum dubu 'yan gomiya ba ya kama hanyar zama na miliyoyi. Aka fasa tituna ta tsakiyar tsohon gari, aka cike bakin teku har ruwan ya yi nisa da ƙofar da ake kira ta teku, dogayen benaye na banki da kasuwa suka tsaya a gefe. Gidajen murjani aka bar wa 'yan haya: Yamanawa, Somaliyawa, 'yan Pakistan da Indiya, da mutanenmu. Jikokin waɗanda ake rufe wa ƙofa sun shiga ciki ke nan, amma sai da masu gida suka gama da wurin. Gida ɗaya mai magada hamsin, ko na waƙafi da ba a san wa ke kula da shi ba, wa zai sa kuɗinsa ya yi yaɓe? Aka yanka manyan ɗakuna da falanki, aka ja famfo a bangon da ba ya shiri da ruwa, aka ja wuta ta ko'ina. Gobara ta ci wasu, wasu suka zauna da kansu cikin dare.

An saba ɗora wa 'yan hayan nan laifin lalacewar Balad, kuma ba za a ce ba su da hannu ba. Sai dai a duba Sawakin, can tsallaken ruwa, wadda aka gina da dutse iri ɗaya da tagogi iri ɗaya. Da Ingilishi suka buɗe Port Sudan a farkon ƙarni na 20, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can, ba a sami ko ɗan haya ba. Yau tsibirin Sawakin tarin duwatsu ne. Gidan da ake kwana a ciki, ko an wulaƙanta shi, akwai mai toshe yoyo, akwai mai buɗe taga iska ta shiga, akwai mai ihu in bango ya tsage. A ganina talakawan da suka cika Balad na shekara hamsin suna cikin dalilan da suka sa aka sami abin gyarawa. Ɗaya dalilin shi ne magajin garin Jidda na 1972 zuwa 1986, Muhammad Sa'id Farisi, wanda masanin zanen gine-gine ne. Shi ya sa aka ƙidaya tsofaffin gidaje ɗaruruwa aka hana rushe su, a lokacin da kowa ke ganin katafila ita ce ci gaba.

Alhajinmu ma ya canja a wannan tsakanin. Da jirgin sama ya karɓe hanya daga shekarun 1950, tsohon filin jirgin Kandara a gefen gari yake, masaukin alhazai ma haka. Mai jiran jirgin komawa, wanda kan yi kwanaki, da ƙafa zai taka zuwa Balad ya sayi tsaraba: carbi, darduma, zobba, agogo, rediyo, ya sa haƙorin Makka in bai sa a can ba. A nan cinikin Kano-Jidda ya yi saiwa. A 1981 aka buɗe sabon filin jirgi na Sarki Abdul'aziz can arewa da gari, da rumfunansa na alhazai masu siffar tanti. Daga jirgi sai rumfa, daga rumfa sai bas, sai Makka. Yanzu ma da yawa Madina ake sauke su kai tsaye. Mutum zai yi hajji ya dawo bai ga Jidda ba sai ta tagar mota. Garin da aka kafa don mahajjaci ya ratsa ta cikinsa ya zama wanda ake kewaye shi.

Gyaran da ake yi yanzu na gaske ne, kuma ya cancanci yabo. A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, a 2021 aka ƙaddamar da babban shirin farfaɗo da unguwar baki ɗaya a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu. An nemo masu sassaƙa, an koma ga farar ƙasa maimakon siminti wanda ke riƙe danshi ya cinye dutsen. Wasu gidajen, irin Gidan Jukhdar, an mayar da su ƙananan otal masu tsada. Masallacin Shafi'i, mai tsohuwar hasumiya da rufin katako, an gyara shi ana salla a ciki. Wanda ya je Umra ya sami yini guda, bai yi asara ba in ya kashe shi a nan, tun da bizar Umra a yanzu tana barin mutum ya zagaya ƙasar. Bizar yawon buɗe ido ta intanet kuwa, ƙasashe 49 aka buɗe wa ita da farko, babu Najeriya babu Nijar a ciki.

Kada a je da rana tsaka. Zafin Jidda mai danshi ne, riga takan jiƙe kafin a yi taku ɗari, shaguna da yawa kuma a rufe suke tsakanin azahar da la'asar, haka ma safiyar Juma'a. Bayan la'asar zuwa dare ne unguwar ke farkawa, watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi sauƙi. A azumi sai bayan tarawihi, lokacin da masu balila da masu soya hanta ke kafa teburansu suna kiran ciniki da waƙa, ana shan sobiya har sahur. Yawancin masu jagora daga arewa suke farawa, ta Bab Jadid, domin can ne gidajen suka fi kyau, can ne ofisoshin jakadancin Turawa suke a da. Ni shawarata a fara daga yamma, daga tsohon ginin Bab al-Bunɗ, a bi titin Ƙabil, a shiga kasuwar Alawi, a wuce gaban Gidan Nasif da Gidan Matbuli, a fita ta Bab Makka. Hanyar da mahajjacin jirgin ruwa ke bi ke nan daga sauka zuwa hawan raƙumi, kuma mai binta zai gane dalilin da ya sa kasuwar ta miƙe daga yamma zuwa gabas. Daga can ba nisa zuwa maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u. Kakanninmu sun riƙa ziyartarta, amma an rushe ginin kabarin a 1928, babu abin gani sai katanga.

Abin da baƙo ba zai gani ba yana kudu da gabashin Balad. Unguwannin da suka tsiro a inda bukkoki suke a da, da kewayensu, su ne Sabil, Hindawiyya, Karantina, Gulail, Petromin, Kandara da sauransu. Duk Bahaushen da ya zauna a Jidda ya san waɗannan sunaye. Nan ake samun tuwo da miyar kuka, nan ake ɗaura aure da Hausa, nan mai neman ɗan'uwansa da ya shekara ashirin bai aiko ba yake fara cigiya. Daga ƙarshen 2021 aka fara rubuta kalmar "ikhla" da jan fenti a jikin gidaje, wato a tashi, wani lokaci da wa'adin 'yan kwanaki. Cikin shekara guda an rushe unguwanni masu yawa, mutane dubu ɗaruruwa suka rasa matsuguni. Hukuma ta ce matattarar ƙwaya ce da laifi da masu zama ba izini, kuma wanda ya san lungunan Karantina ba zai rantse cewa ƙarya ne ba. Kwata a buɗe, gini ba tsari, motar kashe gobara ba ta iya shiga. Amma diyya 'yan ƙasa aka yi wa tanadinta. Wanda aka haifi ubansa a Sabil, bai taɓa ganin Kano ba, ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ba shi da ofishin da zai kai kuka, in ya matsa ma tarhil ne zai biyo baya, wato a kore shi daga ƙasar. A watan Disamba na 2021, lokacin da taurarin fim na duniya ke taka jan kafet a Balad don bikin fina-finai na Bahar Maliya na farko, katafila tana aiki 'yan kilomitoci kaɗan daga wurin.

Ba wai an shafe mu daga Hijaz ba ne. Sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi suna nan a jikin 'yan ƙasa, malamai da likitoci da 'yan ƙwallo. Usama Hausawi ne ya ɗaura ƙyallen kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Tsire da yajin ƙuli ya daɗe da zama abincin mutanen Makka da Jidda, har wasu samarinsu ba su san daga inda ya zo ba. Sai dai labarin da Balad ke ba baƙo labarin masu gida ne: wane attajiri ya gina, wane sarki ya sauka, daga wace ƙasa aka kawo katako. An kira wurin Ƙofar Makka, amma an fi ba da labarin masu riƙe da ƙofar a kan na masu wucewa ta cikinta, waɗanda saboda su aka yi ta. Kuma cikin masu wucewar, wanda ya sauko daga jirgin tururi ya fi samun ambato a kan wanda ya shekara bakwai yana tafe. Dalilin a fili yake. Attajiri ya bar gida mai hawa biyar da takardun ciniki, mai ga-ruwa kuwa bukkar kara ya bari, sai gidan kwano, sai na bulo mara takarda, kowanne ya taushe na gabansa. Abin da ya rage yana bakin tsofaffi a Fagge da Mai Wurno da unguwannin bayan Makka, ba a jikin allon bango ba.

A farkon 2024 hukumar da ke kula da Balad ta sanar da cewa masu tonon tarihi sun samo gutsattsarin kayayyaki kusan 25,000, wasu tun na ƙarni na farko da na biyu bayan Hijira: tangaran ɗin Sin, kasake, ginshiƙan baƙin katako daga Sailan a gefen mihrabin Masallacin Usman bin Affan. Sun tona a masallacin, sun tona a tsohon ginin Shuna, sun bi sawun ganuwar arewa da gwalalon gabas har suka fito da tushensu. Ta kudu, inda Takari suka yi ƙarnoni suna kwana, katafila ta riga su zuwa.